Yadda za ka gane ma'anar "dominant" duk inda ka ci karo da ita

Wannan kalmar Turanci ta daɗe tana rikita ɗalibaina, shi ya sa na tsara musu hanyar da nake bi.

Fara da tushe. Asalinta Latin ne, daga "dominus", wato maigida, kuma ta Faransanci ta biyo ta shiga Turanci. Ka riƙe maigidan nan a ranka. Duk inda ka ga kalmar, tambayi kanka: wa ke da ta cewa a nan, kuma a kan wa?

A ilimin gadon halitta aka fi yin tuntuɓe, don haka a nan nake daɗewa. Gregor Mendel, masanin da ya kafa tushen wannan ilimi, wanda aka buga bincikensa a 1866, ya haɗa wani nau'in wake ("peas" da Turanci) mai fure shunayya da mai farin fure a lambunsa na Brno, wani birni a ƙasar Czech ta yau. 'Ya'yan farko duk suka fito shunayya. Fari bai mutu ba, ɓuya ya yi, domin a jikoki ya ƙirga shunayya 705 da fari 224, kusan uku bisa ɗaya. A nan ka fassara ta da "mai rinjaye": siffar da ke bayyana ko da daga mahaifi ɗaya kawai aka gaje ta. Ina roƙonka kada ka ce "mafi kyau" ko "mafi yawa". Wannan kuskuren yana damuna ƙwarai. Cindo sau da yawa ta hanyar rinjaye ake gadonsa, amma masu yatsa biyar sun fi yawa nesa ba kusa ba. Cutar Huntington, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa, ita ma mai rinjaye ce, kuma babu alheri a cikinta.

A kiɗa, ƙirga kawai: do, re, mi, fa, so. Na biyar ɗin ita ce, sautin da ke sa kunne ya matsu a koma "do". A kasuwanci kuwa ana nufin kamfanin da ya mamaye kasuwa.

Ta jiki kuma gwada ta yanzu. Miƙe hannuwanka, ka haɗa su ka bar 'yar kafa a tsakani, ka hangi wani abu mai nisa ta cikinta da ido biyu. Rufe na hagu, ka buɗe, sannan ka rufe na dama. Idon da yake buɗe lokacin da abin ya tsaya cikin kafar bai goce ba, shi ne mai rinjaye a wurinka. Nawa na hagu ne, ko da yake da dama nake rubutu.