Yadda ake tsara waƙa ba tare da amsa-amo ya cinye ma'ana ba

Kari, wato awon sautin waƙa, da amsa-amo, wato daidaituwar sautin ƙarshen layuka, kowa na iya koyonsu idan ya dage. Fasaha kuwa ita ce ka ga abin da jama'a ke wucewa ta gabansa kullum, ka faɗe shi yadda mai sauraro zai ce, "Wallahi haka ne!" Ƙa'ida tana ɗauke da fasaha, amma ba ta haifar ta. Don haka aikin ba daga alƙalami yake farawa ba.

Da farko, nemo abin da idonka ya gani. Kada ka ce jigonka talauci ne ka tsaya nan, kowa ya san talauci ba daɗi. Dubi ɗan ga-ruwa da asubar hunturu yana tura kura, jarkoki na zubar masa da ruwa a diddigen da faso ya tsattsaga. Wannan faso shi ne waƙar.

Daga nan sai kari. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, marubutanmu ke ɗora waƙa a kan ma'aunan aruli na Larabci irin su kamil da mutadarik. Ba sai ka haddace su ba tukuna, amma dole ka rarrabe gaɓa mai nauyi, wato mai dogon wasali ko mai ƙarewa da baƙi, da marar nauyi. A "gida", gaɓar farko ba ta da nauyi, ta biyu tana da shi. A "malam" duka biyun masu nauyi ne. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali, saboda haka ido zai yaudare ka. Rera ɗangon, wato layin waƙar, da baki, kana buga yatsa a gwiwa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da kunne ya yi awonsa.

Sannan ka zaɓi tsari, ƙwar biyu ko ƙwar biyar, wato ɗango biyu ko biyar a kowane baiti, ka tsayar da babban amsa-amo, wanda kowane baiti zai ƙare da shi. A nan ake faɗawa rami. "Ba" tana da arha, domin yawancin jimlolin da ka kore za su iya ƙarewa da ita, sai ka wayi gari baiti talatin duk musu kake yi. Kafin ka ɗauki harafi, jero kalmomin da ke ƙarewa da shi waɗanda suka shafi jigonka. In ba su da yawa, canja tun da wuri.

A kowane baiti, fara rubuta ɗangon ƙarshe, tunda shi ke riƙe da maganar, sauran su taka zuwa gare shi.

In ka gama, ajiye ta ta kwana. Washegari bi ta da jan biro, ka soke duk "ya jama'a" da "ku saurara" da "fa" da ka cusa don cike gurbin kari. Inda ramin ya bayyana, koma wajen ɗan ga-ruwan ka ƙara dubawa: wataƙila igiyar da ya ɗaure jarka, ko kuɗin da yake ƙirgawa da jiƙaƙƙen hannu.