Yadda ake fesa maganin ciyayi masu faɗin ganye a filin ciyawar gida ba tare da an ƙona ta ba

Duk wanda ya shimfiɗa ciyawar ado a tsakar gidansa a Birnin Kebbi ya san abin da ruwan farko yake kawowa. Mako biyu da saukar damina sai ka ga tafasa da ƙashin yawo da nonon kurciya da tsidau sun leƙo ta ko'ina, filin da aka sha wahalar ban ruwansa duk rani ya koma kamar bakin hanya. Idan filin ɗan ƙarami ne, ka sa hannu ka tuge, ya fi araha kuma ba ka da fargabar komai. Feshi na wanda filinsa ya fi ƙarfin hannu ne.

Maganin da nake magana a kai shi ne 2,4-D, wanda manoman shinkafa na fadamar Argungu da Suru suka daɗe da sani. Ana fesa shi ne bayan ciyayin sun tsiro, ganye ya sha shi, ya rikita girman tsiron har ya murɗe ya mutu, amma ya bar dangin ciyawa masu siririn ganye. Don haka kada ka sa ran zai taɓa ƙarangiya, ita ma 'yar gidan ciyawa ce, kuma aya-aya sai dai ya ƙona mata kai ta sake tohowa. A shago ka karanta jikin kwalbar da idonka. Ka ga an rubuta 2,4-D amine, ka ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kar ka ce wa mai shago "ba ni maganin ciyawa" ka tsaya nan, domin zai iya miƙo maka glyphosate ko paraquat, waɗannan kuwa ba su san ciyawar ado ba, duk abin da yake kore nasu ne. Ni ba na sayen wanda aka ɗura a robar ruwa ana sayarwa awo-awo, ko da rabin kuɗi ne.

Ka san irin ciyawarka. Ƙiri-ƙiri tana jure wannan magani sosai idan ta kama ƙasa. Irin masu kauri da faɗin ganye da masu sayar da furanni ke kawowa ba duka suke jurewa ba, saboda haka ka fesa wata 'yar kusurwa, ka jira mako biyu ka gani. Sabuwar shuka kuma a bar ta sai an yi mata aski sau uku ko huɗu.

Yanzu ga inda kowa yake faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Tambayar da ake yi mini kullum ita ce, "Malam, murfi nawa ake sawa a goyo ɗaya?" Goyo suna nufin famfon feshin da ake goyawa a baya. Wannan tambaya ba ta da amsa. Kwalbar ba ta san girman takunka ba, ba ta san bakin famfonka ba. Abin da ta faɗa shi ne lita kaza a hekta ɗaya, hekta kuwa murabba'in mita 10,000 ce. Shekarar da na fara, na ɗauki awon da wani maƙwabcina yake yi a gonar shinkafarsa, na bi filin ina tafiyar hawainiya, inda na ga tafasa ta yi yawa na tsaya na jiƙa ta sharkaf, da na ga saura a tanki na sake zagayawa don kada a yi asara. Bayan kwana biyar ciyawar ta yi rawaya layi-layi daidai inda na bi, zogalen uwargida da ke jikin katanga kuwa sabbin ganyensa suka nannaɗe suka kanannaɗe kamar an murza su da hannu. Wata guda ba a tsinki zogale a gidan ba.

Ga abin da ya kamata in yi. Ka auna mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, ka kafa tsinke a kusurwa huɗu. Ka zuba ruwa zalla a famfon, ka lura da inda ya tsaya, sannan ka fesa wannan wuri da irin tafiyar da za ka yi ranar aiki, bakin famfon a tsayin gwiwa, hannun hagu yana buga famfo ba tsayawa. Ka duba ruwa nawa ya tafi. A ce lita 3 ne. Idan kwalbarka ta ce lita ɗaya da rabi a hekta, to wannan wuri na murabba'in mita 100 rabonsa mililita 15 ne kacal, a cikin waɗancan lita 3. Goyo mai lita 15 ke nan zai ɗauki mililita 75, ya kuma rufe murabba'in mita 500. Misali ne na ba ka, lissafinka ya fito daga taka kwalbar da naka takun. Ka maimaita gwajin sau biyu, za ka sha mamakin yadda tafiyarka take sauyawa. Awo kuma da sirinji ake yi, na kemis ba shi da tsada, a ajiye shi don wannan aiki kaɗai. Murfin kwalba ba mudu ba ne. Bakin famfo ya zama mai watsa ruwa a baje kamar mafici, wanda yake fitar da hazo mai laushi shi ne yake kai magani gidan maƙwabta.

Lokaci shi ne na biyu a muhimmanci. Ka fesa ciyayin suna ƙanana, ganye uku zuwa biyar, ƙasa da danshi. Tafasar da ta kai gwiwa ta fara fure ta wuce wurin, tuge ta za ka yi. Kar ka yi aski kwana biyu ko uku kafin feshi, haka ma bayansa, domin ganye ne ƙofar maganin. Da safe ake yi bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta buɗe. Zafin Afrilu da Mayu na ƙasar nan da yake haura digiri 40 ba lokacin feshi ba ne sam, iskar hunturu ma haka. Ka watsa ɗan busasshen ganye sama, in iska ta tafi da shi, ka sauke goyon. In hadari ya haɗo ta gabas, ka bari sai gobe, kana buƙatar aƙalla awa shida ba ruwa. Tumatir, kuɓewa, wake, gyaɗa, kabewa, auduga da furanni ɗan ƙanƙanin abu yake illata su, don haka ka bar tazarar taku biyu daga gare su da gindin ƙananan itatuwa, can hannu zai yi aiki.

Wajen haɗawa a fara zuba ruwa rabin tanki, sai magani, sai a cika a girgiza. Safar hannu ta roba, takalmin ruwa, riga mai dogon hannu, takunkumi da tabarau, musamman tabarau, don wannan magani mugu ne ga ido. In ya fantsama, a wanke da ruwa mai gudu na minti 15 a tafi asibiti. In yaro ya sha, kada a tsaya ba shi madara ko manja, a ɗauke shi da kwalbar tare. Bakin famfo in ya toshe kada ka hura da bakinka.

Bayan feshi ni kwana ɗaya cur nake hana yara da kaji da awaki shiga, kuma ina gaya wa matan gida kada wanda ya tsinki tafasar wurin don kwaɗo. Ciyawar askin farko da na biyu ba ta zuwa gaban rago, ba ta zuwa ramin taki. Kwana biyu za ka ga ciyayin sun fara lanƙwashewa, mutuwa sosai sai mako biyu zuwa uku, kada gajen haƙuri ya sa ka ƙara. Kwalbar a ɗauraye ta sau uku a juye a tanki, a huda ta. Famfon a wanke nesa da rijiya, kuma in da hali ka ware shi don maganin ciyawa kaɗai, ka rubuta a jikinsa da fenti, kada wani ya ara ya fesa wa tumatirinsa maganin ƙwari da shi.