Yadda ake lissafin guzurin tafiya waje idan canji yana hawa da sauka

Mai shirin fita waje da kuɗin aljihunsa daga Damagaram, ko Umra ce, ko saro kaya a Dubai, ko neman magani a Alƙahira, yakan yi lissafinsa da sefa ya rufe littafi, don ya saba jin cewa kuɗinmu ba sa motsi. Da yuro kaɗai ne ba sa motsi. Tun 1999 yuro 1 yana kan sefa 655.957, wato kusan 656, kuma har yau haka yake a takarda. Amma yawancin tafiye-tafiyenmu ba da yuro ake biyansu ba. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 a dala 1, dirhamin Dubai ma haka, 3.67. Duk ranar da yuro ya yi ƙasa a gaban dalar Amurka, sefar da ke hannunka ta bi shi, ko da ba ka taɓa riƙe yuro ba.

A farkon 2021 yuro 1 ya haura dala 1.20. A kan 1.20, dalar Amurka tana kamawa sefa 547, riyal kuma 146. A watan Satumba na 2022 yuro ya faɗo wajen dala 0.96, dala ta koma sefa 683, riyal 182. Wanda masaukinsa da abincinsa da motarsa a Makka da Madina za su ci riyal 8,000 yana buƙatar sefa 1,168,000 a farashin farko, a na biyu kuwa 1,456,000. Jika 288 ke nan suka ƙaru, alhali mai otal bai ƙara ko riyal ɗaya ba.

Saboda haka aikin farko shi ne raba kasafin bisa irin kuɗin da za a biya kowane abu da shi. Ka ja layi uku a takarda. Layin farko na abin da ake biya da sefa ko yuro: fasfo, allurar shawara, motar Yamai, kwanan da za ka yi can kafin jirgi. Wannan canji ba ya taɓa shi. Na biyu na dalar Amurka da ƴan rakiyarta, riyal da dirhami. Tikitin jirgi ma nan za ka sa shi ko da da sefa za ka biya, domin kamfanonin tafiye-tafiye sukan juya farashin ne da canjin ranar da aka yanki tikitin. Na uku na kuɗaɗen da ke yawan zubewa: naira, fam ɗin Masar, lirar Turkiyya. Kowane abu ka rubuta shi da kuɗin ƙasarsa tukuna, sannan ka juya shi zuwa sefa a gefe, da kwanan watan da ka yi juyin.

Wajen juyin nan ne ake yawan yin kuskure. Farashin da waya ke nunawa na tsakanin manyan bankuna ne, babu wanda zai sayar maka a kansa. Naka shi ne wanda banki ko ɗan canji ya faɗa, haɗe da ladansa. Ka tambayi farashi biyu a lokaci guda: nawa kake sayarwa, nawa kake saye? Tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin da za ka rasa idan ka canza fiye da buƙata ka dawo da saura. Ka ji ta bakin mutum biyu ko uku a kasuwar Dole, ka leƙa banki, sannan ka yi lissafi da mafi tsada a cikinsu.

A kan layi na biyu ka ɗora kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana idan tafiyar ta rage wata uku zuwa shida. Idan shekara guda kake tari, 15 ya fi kwanciyar hankali. Wannan kuɗin ba na tsaraba ba ne, a ware shi daban.

Yaushe za a sayi dalar? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu wanda ya san farashin gobe, har ɗan canjin da ke rantse maka cewa za ta hau. Hanyar da ta fi aminci ita ce a raba sayen gida uku: kashi ɗaya da zarar biza ta fito, ɗaya a tsakiya, na ƙarshe kwana goma kafin tashi. Ba za ka samu mafi arha ba, amma mafi tsada ba zai same ka a kan dukan kuɗinka ba. Duk abin da za a iya biya tun daga gida, kamar tikiti da masauki, biyansa da wuri yana kulle farashinsa. Sharaɗin shi ne ka karanta ƙa'idar mayar da kuɗi idan tafiya ta fasa, kuma kada ka yanki tikitin da ba a mayarwa kafin biza ta shigo hannu. Wanda zai sayar da dabbobi ko hatsi don tafiyar yana da kasuwa biyu da zai duba, domin faɗuwar farashin rago bayan layya tana iya cin abin da ya fi na canji.

Layi na uku dokarsa akasin haka ce: a saya kaɗan, a saya a makare. A watan Yuni na 2023 Najeriya ta saki naira ta bi kasuwa, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024. Masar ta yi irin haka a watan Maris na 2024, dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa wajen 50. Wanda ya tara naira wata shida kafin ya je asibiti a Kano ya ga yadda kuɗinsa suka narke a cikin akwati. Mai bi ta Matamaye da Ɗan Barto don hawa jirgi a filin Malam Aminu Kano ya canza abin mota da abinci da kwana kawai, sauran ya bar shi a sefa, ya riƙa canzawa gwargwadon buƙata. Sai dai kada faɗuwar kuɗin wata ƙasa ta sa ka ɗauka komai ya yi araha a can. Kaya suna bin canji su hau cikin ƴan makonni, hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024, kuma asibitoci da makarantu da yawa a irin waɗannan ƙasashe da dala suke yanka wa baƙo kuɗi. Ka nemi farashin wannan makon daga wanda ke can, kada ka dogara da na wanda ya je bara.

Akwai wata asara da ba ta da hayaniya, ita ce yawan juyi. Mutum ya mai da sefa naira, naira dala a kasuwar canji ta Wapa a Kano, dala riyal a Jidda. Idan kowane hannu ya ci kashi 3 cikin 100, miliyan ɗaya ta koma kusan sefa 913,000 kafin a sayi ko ruwan sha. Wani lokaci farashin Kano yakan rufe wannan giɓi, amma sai an buga lissafin daga farko har ƙarshe za a sani. Mai zuwa Turai ya sayi yuro kai tsaye. Mai zuwa Kwatano, Lome ko Dakar ba ya buƙatar canji sam, ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, kuɗinsu ɗaya. Chadi da Kamaru fa sefarsu daban ce, ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya. Darajarsu ɗaya a takarda, amma ba a karɓar tamu a shago, kuma mai canzawa yana cire nasa.

Idan za ka riƙe tsabar dala, ka nemi ƴan ɗari-ɗari sababbi masu shuɗin zare, waɗanda aka fara fitarwa a 2013. Tsofaffi, ko masu yagewa da tambarin biro, ana ƙin su ko a rage musu farashi, ƙananan takardu ma sau da yawa ba sa samun farashin manya. Takardar yuro 500 an daina fitar da ita tun 2019, kashe ta yana da wuya. Ka je banki da fasfo da tikiti, ka tambayi iyakar tsabar da doka ta yarda a fita da ita a lokacin, ka adana resin canjin, domin jami'an duwan suna iya nemansa.

Mai katin banki ya tambaya tun a gida: nawa ake cirewa a kowane cire kuɗi a waje, nawa ne ladan juyi, mene ne iyakar rana, kuma an buɗe katin don aiki a ƙetare? A can kuma, idan na'ura ta ba ka zaɓin biya da kuɗin ƙasar ko da wani kuɗi, zaɓi na ƙasar. Ɗaya zaɓin yana nufin na'urar ce za ta yanka maka nata canjin, wanda kusan kullum ya fi na bankinka tsada. Cire kuɗi mai ɗan kauri sau biyu ya fi cire ƙanana sau goma, saboda ladan kowane cirewa.

Iyayen da ke aika wa ɗalibi kuɗin wata su tsayar da adadin da kuɗin ƙasar da yake zaune, su sake duba shi duk wata uku. Jika 100 na bana ba lallai su biya hayar da suka biya bara ba.

Ranar dawowa, naira da fam da lira a kashe su ko a canza su kafin a tsallako iyaka, tsabar ƙarfe kuwa babu ɗan canjin da zai karɓa a nan. Dala da riyal da suka rage, idan akwai niyyar wata tafiya nan kusa, a ajiye su tare da resinsu maimakon a sayar a farashin saye a sake nema a farashin sayarwa.