Darasi na Tara: Zanen Ƙashin Kifi

A ce ƙungiyar mata masu gumin shinkafa ce, irin waɗanda ke cike a Kura ta jihar Kano. Dillali ya dawo da buhu uku, ya ce akwai tsakuwa, kuma shinkafar ta kakkarye. Aka zauna taro. Wannan ta ce laifin mai injin casa ne, waccan ta ce ai Ladi ce ta shanya. Har magariba ba a tsayar da komai ba. Magana iska ce, da an tashi ta watse. Zane kuwa yana nan.

Wani malamin Jami'ar Tokyo a ƙasar Japan, Kaoru Ishikawa, shi ya yaɗa dabarar zanen ƙashin kifi a shekarun 1960, don ma'aikatan masana'antu su riƙa gano tushen aibin kayansu da kansu. Ba ta buƙatar kwamfuta. Allo da alli sun isa, ko gawayi da bayan kwali.

Ja dogon layi a kwance. A ƙarshensa na dama zana kan kifi, ka rubuta matsala ɗaya tak: "shinkafa na karyewa". Ban da tsakuwa. Ita sai a yi mata nata kifin daban. Masu koyo sun fi yin kuskure a nan, su cusa matsala uku a kai guda.

Sai ka fitar da ƙasusuwa daga layin, sama da ƙasa. Kowane ƙashi da sunansa: shanshera (shinkafar da ba a casa ba), kayan aiki, yadda ake aikin, ma'aikata, wurin aiki. Wadda hannunta bai faɗa da rubutu ba tukuna ta zana hoto: tukunya, rana, buhu.

Yanzu a bi ƙashi ɗaya-ɗaya ana tambayar "me ya sa?". A kan shanshera wata za ta ce an gauraya iri biyu, dogo da gajere. A rubuta. A kan yadda ake aikin wata za ta ce ana barin gumi cikin rana mai zafi tun safe har la'asar ba juyawa. Wannan babban dalili ne, domin ƙwayar da ta bushe da gaggawa tsagewa take yi a ciki, tana shiga inji sai ta karye. A rubuta duk abin da aka faɗa, ko na ƙaramar cikinku ne. Gardama sai an gama.

Lura da cewa sunan Ladi bai hau allo ba. Abin da ya hau shi ne "babu lokacin juya shanya".

Daga nan kowace ta ɗiga alli a kan dalilin da ta fi zargi. Wanda ya fi ɗigo shi za a fara gyarawa, shi kaɗai. A gwada da buhu ɗaya: a riƙa juyawa, a ƙarasa busarwa a inuwa. Bayan casa a ɗebi gwangwani guda daga sabon buhu da tsohon, a tsince karyayyar, a kwatanta.

Aikin gida: zaɓi matsala ɗaya a sana'arka, ka zana kifinta da ƙasusuwa huɗu, ka zo da shi aji ranar darasi na gaba.