Yadda Ake Auna Warin Jujin Ɓaraguzan Gini

Idan allon jifsam, wanda ake yin bango da silin da shi, ya jiƙe a ƙarƙashin juji, inda iska ba ta ratsawa, ƙwayoyin bakteriya sukan fitar da iskar haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kada a dogara da hanci, domin idan ta kai kashi 100 cikin miliyan takan dakushe jin wari. A daidaita na'urar awo tukuna, sannan a fita da asuba, lokacin da iska ta lafa. A kifa akwati marar gindi bisa tsagar ƙasa, a zura bututun na'urar, a riƙa rubuta sakamakon duk minti biyar. Kada a bar ramuka ba a auna ba, saboda nauyin iskar haidirojin salfaid yakan sa ta taru a cikinsu.