Yadda na gyara ruɓewar katakon bakin rufi

A watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a Kano, fentin katakon da ke bakin rufin gidanmu ya kumbura, silin ɗin ƙarƙashinsa kuma ya yi baƙi. Da na danna katakon da tsinin ƙusa sai ta nutse. Musabbabin shi ne kwanon bai zarce katakon sosai ba, ga ƙurar hunturu da ganyen darbejiya sun toshe indararo, saboda haka ruwa yake komawa baya yana jiƙa shi.

Na dakata har damina ta wuce, domin fenti a kan jiƙaƙƙen katako ɓarnar kuɗi ce. Kafinta ya yanke ruɓaɓɓen wurin har ya isa inda yake da ƙwari, muka sayo busasshen katako a kasuwar Na'ibawa, muka shafe shi da maganin katako mai suna Solignum saboda gara, musamman bakin yankan, wanda ta nan ya fi shan ruwa. Bayan ya bushe aka yi masa fentin mai shafi biyu, aka ƙara tsawon kwanon, aka kuma bar ƙananan kafofin iska masu raga a silin. Yanzu ina share indararon kafin ruwan farko.