Fiyanon da ya burge ka a ɗaki, me ya sa yake ba ka kunya a dandamali?

Duk wanda ya taɓa hawa dandamali da fiyano ya san wannan takaicin. Ka kwana kana gyara muryoyi, wato sautukan kayan kiɗa iri-iri da ke cikin fiyanon, hedfon a kunne, sauti yana ratsa ka har kana lumshe ido. Ranar wasa kuwa, da mai ganga ya saki hannu, mai jita ya shigo, sai ka nemi kanka ka rasa. Ka ƙara murya, mai miksa, wato na'urar daidaita sautin kowa, ya harare ka ya rage daga wajensa. A tashi kowa na ganin laifin wani.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan kayan wurin taro kafin in yarda cewa yawancin ɓarnar tun daga gida nake taho da ita. Na zaɓi na'ura ina ni kaɗai, na saita ta ina ni kaɗai, alhali ba ni kaɗai zan yi kiɗan ba.

Tun daga wajen saye

Abin da ya fi yaudarar mai saye shi ne yawan muryoyi. A ce maka wannan tana da dubu da ɗari biyar, waccan ɗari uku kacal, sai zuciya ta karkata. To ka zauna ka ƙirga muryoyin da ka taɓa a wasanka na ƙarshe. Da wuya su wuce goma: fiyano, ogan, fiyanon lantarki, kakaki, muryar goge mai shimfiɗa a baya, da wata siririyar muryar sintisaiza ta jan gaba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Idan waɗannan goman suka yi kyau, kuma kana iya kai wa gare su da taɓi ɗaya cikin duhu, ka gama ciniki. Na'urar da sai ka shiga shafi uku a allonta kafin ka sauya murya ta ɗakin naɗar sauti ce, ka bar ta can.

Sai kuma rikita jinsi, don mu duk abin da ke da farare da baƙaƙen maɓallai fiyano muke ce masa. Mai kiɗa shi kaɗai, wanda na'ura ce za ta ba shi ganga da bes, irin jerin PSR na Yamaha ko Pa na Korg yake bukata. Wanda yake cikin ƙungiya da mai ganga na gaske, rabin kuɗin da ya zuba a irin waɗannan asara ce, gara ya nemi wadda aka ƙera don dandamali, kamar Nord Electro na kamfanin Clavia da ke Suwidin, ko YC na Yamaha, ko SK na Hammond.

Ka kuma taɓa maɓallan da yatsunka kafin ka biya. Masu nauyi guda 88 an yi su ne don kwaikwayon gudumar fiyano na katako. Ka yi ƙoƙarin share su da tafin hannu irin na ogan, ka ga yadda fatar hannu ke salewa. Ogan na son maɓallai marasa nauyi, masu santsin baki babu leɓe, waɗanda ke yin magana tun yatsa bai kai ƙasa ba. Guda 61 ne a kowane jerin maɓallai na ogan ɗin Hammond na asali, kuma sun ishi yawancin makaɗa. Wanda ke raba aiki tsakanin fiyano da ogan, 73 masu matsakaicin nauyi sulhu ne mai kyau. Kada ka manta kai za ka riƙa ɗaukar abin nan kana hawa bene da shi bayan an tashi tsakar dare.

Ogan ba fiyano ba ne

A nan na fi son in tsaya, don a nan aka fi kwafsawa. Kusan duk muryar ogan da ke cikin na'urorin yau ƙoƙari take ta kwaikwayi abin da Laurens Hammond ya fitar kasuwa a 1935, musamman samfurin B-3 da aka riƙa ƙerawa daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1970. Wanda bai san halin asalin ba, zai yi ta kaɗa kwaikwayon kamar fiyano, yana mamakin me ya sa abin ba rai.

Na farko, ogan bai san ƙarfin yatsa ba. Ka shafa, ka doka, murya ɗaya ce. Hawa da saukarsa duk a ƙafa suke, a kan fedar ƙara murya. Na sha ganin mutum ya sayi ogan mai tsada, ya haɗa masa fedar riƙe sauti irin ta fiyano kaɗai, ya taka ta ya riƙe kod, wato notocin da ake dannawa tare. Muryar ogan kuwa ba ta dusashewa da kanta, don haka kod ɗin baya ya hau kan na gaba, abu ya cakuɗe. Gyaran mai sauƙi ne: ka sayi fedar ƙara murya, ita kuma fedar riƙewa ka shiga saiti ka ba ta aikin sauya gudun Leslie, wato lasifikar ogan mai juyawa, idan kana kan ogan.

Na biyu, sanduna tara da ke jikin ogan, waɗanda ake ja a tura. Kowace tana da mataki daga 0 zuwa 8, kowace tana ƙara wani zare a cikin muryar, na hagu masu kauri, na dama masu kaifi. Sabon shiga yakan jawo su duka waje, wai don ya samu ƙarfi, sai ya bar kansa ba inda zai ƙara idan waƙa ta kai ƙololuwa. Fara da ukun farko a waje, sauran a ciki, wato 888000000, saitin da aka san shahararren makaɗin ogan Jimmy Smith da shi. Daga nan, amshi na zuwa ka jawo na ƙarshe kaɗan, baiti na dawowa ka mayar. Hannun hagu na mai ogan rabin aikinsa ke nan. Shi ya sa nake ganin ogan mai sanduna na gaske da hannu zai kama ya fi mai fitilu da maɓallin sama da ƙasa, ko da yake akwai ƙwararrun da suka saba da fitilun, ba kuma zan yi musu da kunnensu ba.

In akwai mai bes a ƙungiyar, sandar farko, mai lamba 16, ita ce mai haddasa faɗa. Ka rage ta, ko ka ɗage hannun hagu daga ƙasa.

Akwai kuma ɗan ƙwas ɗin nan da ogan ke yi a farkon nota, wanda ake kunnawa da maɓallin fakoshin. Mutane kan zaci ya lalace saboda wani lokaci ya fito, wani lokaci shiru. Lafiyarsa ƙalau. Haka aka gina shi: ba ya sake bugawa sai ka ɗaga duk yatsunka daga maɓallai. Idan kana jan notoci a manne, na farko kaɗai zai samu. A B-3 ma, kunna shi yana kashe sanda ta tara, kuma na'urori da yawa sun kwaikwayi har wannan.

Sai Leslie, akwatin da Donald Leslie ya ƙirƙiro, mai ƙaho a sama da ganga a ƙasa suna juyawa, ana raba musu sauti a wajen 800 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti). Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa shi a gudu a manta da shi har ƙarshen waƙa. Daɗin Leslie yana cikin sauyin ne: lokacin da ƙaho ya zabura nan take, ganga mai nauyi tana biye a hankali, 'yan daƙiƙun nan da ba su daidaita ba su ne ke tayar da tsikar jiki. Ka zauna a sannu, ka saki gudu inda waƙa ta cika, ka dawo. Idan kuma ka samu Leslie na gaske ko wata na'urar waje mai kwaikwayonsa, kashe na cikin fiyanon. Biyu a haɗe jiri suke sawa.

Saitin ɗaki da saitin fili

Tun 1933 masana sauti Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen mutum ba ya jin kauri da kaifin sauti sosai idan murya tana ƙasa-ƙasa. Ga yadda abin ke cin mu: kana gyara da dare a hankali don kada ka tashi mutanen gida, sai ka ji bes ya yi kaɗan, ka ƙara. Aka kai shi manyan lasifikoki, ya zama rugugi. Saboda haka gyaran ƙarshe a yi shi wajen atisaye, da ƙarfin da za a yi wasa, sauran makaɗa suna kaɗawa. Yawanci za ka tarar ragewa ake bukata, musamman abin da ke ƙasa da 100 Hz.

Haka eko, wato amsa-kuwwa. Kamfanoni suna lafta shi a muryoyin da suka zo da na'ura don su burge mai gwadawa shi kaɗai. Babban zaure yana da nasa amsa-kuwwar, ka ɗora naka a kai, sai fiyanon ya koma kamar daga rijiya yake magana. Rage shi zuwa rabi, ko ƙasa da haka.

Wani abin da ke ɓata tsakanin mai fiyano da mai miksa shi ne muryoyin da ba su kai ɗaya ba. An yi gwajin sauti da fiyano mai laushi, tsakiyar wasa ka koma kakaki, mutanen layin gaba suka toshe kunne. Daga nan zai rage ka, ba kuma zai sake yarda da kai ba a daren. Ka bi muryoyinka ɗaya bayan ɗaya ka daidaita ƙarfinsu, ka adana, ka jera su bisa tsarin waƙoƙin. A wajen gwaji ka ba shi mafi ƙarfinsu, babban maɓallin murya yana wajen kashi biyu cikin uku, don ka bar wa kanka sarari.

Masu son tara murya kan murya kuma su yi lissafi. Idan an rubuta cewa na'ura tana fitar da nota 64 lokaci guda, ba yatsu 64 ake nufi ba. A na'urori da yawa fiyano mai fita dama da hagu yana cin biyu a kowane maɓalli, goge ya ci biyu, sai ka koma 16. Ka taka feda ka yi gudu sama, za ka ji notocin ƙasa suna ɓacewa ɗaya-ɗaya. Cire bene ɗaya daga ginin, ba wanda zai lura sai kai.

Wayoyi, feda da wuta

Wayar jak ta yau da kullum, wadda ke fitar da sauti daga fiyano, in ta wuce mita biyar zuwa shida, takan fara kwaso gurnanin wutar lantarki, wanda yake 50 ko 60 Hz gwargwadon wutar ƙasar. Maganinsa ƙaramin akwatin DI, mai shiga tsakanin fiyano da miksa: gajeriyar waya daga fiyano zuwa cikinsa, daga nan wayar XLR, irin ta makirufo, ta tafi miksa komai nisa. In gurnanin bai tafi ba, akwai ɗan makunni a jikinsa na raba layin ƙasa, taɓa shi. Kada dai ka cire ƙafar ƙasa ta filogin wuta don kashe ƙara, wannan wasa da rai ne.

Idan layi ɗaya aka ba ka, shiga ramin da aka rubuta L/MONO. Sannan ka gwada muryoyinka a haka tun a gida, domin wasu fiyanon da wasu Leslie suna sirancewa idan aka haɗe dama da hagu wuri ɗaya, sashe yana cinye sashe.

Feda kuwa ta taɓa yi mini tsiya. Tawa ta tsinke, na ari ta wani, muka fara waƙa mai sanyi, ni kaɗai da mawaƙiya. Na danna kod na farko, ya ƙi sauka. Na taka feda, ya yanke. Komai ya juye. Haka na ƙarasa baitin ƙafata a danne, ina ɗagawa inda ya kamata in taka, gumi yana bin bayana, ita kuma tana waigowa tana tambayata da ido. Dalilin shi ne kamfanoni ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba: wata fedar a buɗe take sai an taka ta rufe, wata akasin haka. Wasu fedoji suna da makunnin juyawa a ƙasansu, wasu na'urorin a saiti ake gyarawa, wasu kuma suna gane fedar ne lokacin kunnawa, don haka a sa ta kafin a kunna, kuma kada ƙafa ta kasance a kai. Fedar ƙara murya ma haka: FC7 ta Yamaha da EV-5 ta Roland ba haɗin waya ɗaya gare su ba.

Ɗan'uwan wannan shi ne taransifos da aka manta, wato saitin ɗaga ko sauke sautin na'ura. Ka sauke ki biyu saboda muryar wani mawaƙi, waƙa ta gaba ka shigo kai kaɗai a wata duniya. Adana sauyin a cikin saitin waƙar da ke bukatarsa, kada ka yi shi a na'ura gaba ɗaya. Kuma ka leƙa ka tabbata na'urar tana kan 440 Hz, ma'aunin da aka saba daidaita kayan kiɗa a kai, in ba ƙungiyar ta yi shawarar wani abu daban ba.

Mai haɗa na'ura biyu ta MIDI, tsarin aika saƙo tsakanin na'urorin kiɗa da ya fito a 1983 mai tasha 16, abu biyu ne suka fi kama shi: mai aikawa da mai karɓa ba sa tasha ɗaya, ko kuma wannan yana ƙirga muryoyi daga 0 zuwa 127, wancan daga 1 zuwa 128, sai kullum maƙwabciyar muryar da ka nema ce ke fitowa. Mai amfani da kwamfuta ya duba bafa, wato yawan guntayen sautin da take tarawa kafin ta fitar: 128 a kan 48,000 a daƙiƙa bai kai milisakan uku ba, 1024 kuwa ya haura ashirin, yatsa zai ji jinkirin. Ni dai ba na hawa da kwamfuta sai da murya ɗaya ta cikin fiyanon a shirye, ko da za ta daskare.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka sabunta manhajar na'ura ba aikin daren jajibiri ba ne. Kwafe saitinka a filas tukuna, ka sabunta lokacin da kake da mako guda na gwaji. Adafta kuma kada ka ɗauki kowace don bakinta ya shiga, duba boltinta da inda ɓangaren + yake. Manyan na'urori wasu sukan ɗauki fiye da minti guda kafin su farka, ƙyaftawar wuta ɗaya ta isa ta raba ka da rabin waƙa, shi ya sa ƙaramin UPS, akwatin batir mai riƙe wuta, yake ƙarƙashin tebur ɗina. Wajen kunnawa fiyano ne farko, sai miksa, lasifika a ƙarshe. Wajen kashewa a faro daga lasifika.